Littattafai Arba'in da Girma Ya Cinye

Ga ta nan, ga ta nanku, ta ɗaura zani ta taho.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda ta dosa.

To, ku gyara zama. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya koma baya, kada ya faɗo mini a ƙafa.

Wani gari aka yi, mai ganuwa, mai kasuwa, mai sarki. Mutanen garin suna da hali guda da aka san su da shi, girmama rubutu. In mutum yana tafe ya ga 'yar takarda a ƙasa da baƙaƙen Larabci, sai ya tsaya, ya duƙa, ya ɗauka, ya hure mata ƙasa, ya soke ta a tsagar katanga, can sama inda ƙafa ba ta kaiwa. Ba ya tambayar me aka rubuta. Tambaya ai rashin ladabi ce. Hali ne mai kyau, ban ce ba. Sai dai ko zuma ce, in ƙuda ya faɗa ciki, ba ya fitowa.

Malaman garin na gaske, masu jin abin da Larabci ke faɗi, su biyu ne. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ya gaya wa Sarki gaskiya sau ɗaya, daga nan ya ga iskar wani gari ta fi karɓar jikinsa. Saura Jatau, mai karanta wasiƙun fada. Jatau ya san baƙi, ya san wasali, ga murya kamar ana tsiyaya madara a ƙwarya. Abin da ya rage masa kaɗan ne, sanin ma'ana.

Akwai kuma wani ɗan garin, Tanko mai turare, da ya yi gabas tun yana saurayi, ya zauna cikin Larabawa, Allah ya buɗa masa. Wata rana ya ga 'ya'yan maƙwabtansa sun kwanta rub da ciki a kan littafi, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ya tuna shi duk ƙuruciyarsa bai taɓa yi wa takarda dariya ba. Sai ya sa aka rubuta masa littattafai arba'in irin na yara, da zane mai launi, labarin kaza, labarin biri, labarin ɗan raƙumi. Ya zuba a akwati, ya ba madugun ayarin gishiri, ya ce, "Ka kai garinmu. Saƙona bai da tsawo: a ba yara."

Madugu ya sha hanya, ya sha hanya, ya sha hanya, ya sauke akwati a gaban Sarki.

Sarki ya ce, "Jatau, duba mana."

Jatau ya zaro guda, ya yi gyaran murya, ya rera. Fada ta yi tsit. Da ya kai ƙarshen layi, kowa ya shafa fuska ya ce, "Amin!"

Abin da ya karanta kuwa shi ne, ɗan raƙumi ya ce wa uwarsa, "Inna, ni yau ba zan ci ƙaya ba."

Sarki ya leƙa, ya ga zane. Ya ce, "Wannan dabbar fa?"

Jatau ya ce, "Hatimi ne, ranka ya daɗe. Irin na gabas. Nasu da ƙafafu yake zuwa."

Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce fa a ba yara."

Sarki ya ce, "Yara? Da hannun miya? Za a ba su. Za a ajiye musu sai sun yi hankali."

Madugu yana da gishirin sayarwa. Ya yi sallama ya tafi.

Aka naɗa Jatau Sarkin Takarda. Aka gina ɗaki. Aka naɗe kowane littafi a jar fata, aka yi masa ƙulli bakwai, aka jera su can sama, aka ja ƙofa, aka sa makulli.

To, a gindin ganuwa akwai wata tsohuwa, Gwamma, da jikarta Barira. Gwamma tana da ƙuruciya ta tafi Makka a ƙasa. Shekara goma sha bakwai tana hanya, tana toya ƙosai a garuruwan Larabawa tana neman guzuri. Ta dawo da Larabci cike da baki, ba baƙi ko ɗaya a kanta. Mutanen gari suka sa masa suna Larabcin ƙosai. Barira kuwa tana zuwa makarantar allo, ta iya haɗa baƙi, amma ba ta jin kalma ko guda. Ɗaya da ido, ɗaya da kunne, suna kwana ɗaki guda, ba wanda ya taɓa tunanin haɗa su.

Ran nan Barira na shara bayan randa, sai ta ritsa ɓera a sheƙarsa. Ta ɗaga tsintsiya.

Ɓera ya ce, "Tsaya, 'yar malamai. Ki bar ni da raina, in bar miki shimfiɗata."

Ta duba, sai ga takarda, gefenta duk haƙori.

Ta ce, "Ina ka samo?"

Ya ce, "Ɗakin Sarkin Takarda. Ni da gara kaɗai muke shiga. Mu ne ɗaliban."

Barira ta hure takarda, ta miƙa hannu za ta soke ta a katanga yadda aka koya mata. Sai idonta ya faɗa kan wani ɗan raƙumi mai dogon wuya, ya turo baki kamar yaron da aka hana fura. Ta fasa. Ta zauna bakin ƙofa ta fara haɗa baƙi da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Gwamma na tsintar wake. Ta tsaya. Ta ce, "Ke, sake faɗi."

Barira ta sake. Tsohuwa ta fashe da dariya har wake ya zube.

"Kaka, addu'a ce fa kike wa dariya!"

"Addu'ar gidanku. Ɗan raƙumi ne ya ƙi cin ƙaya, wai shi sai ya je ya ga teku. Ci gaba, ja'ira, ci gaba."

Barira na karantowa, Gwamma na fassarawa. Ɗan raƙumi ya tsinke dabaibayi. Ɗan raƙumi ya yi gabas. Ɗan raƙumi ya iske dila a bakin rijiya, dila ya buɗe baki ya ce...

Barira ta ce, "Ya ce me?"

"Ni na sani? Karanto."

"Ya ƙare, Kaka. Ɓera ya ci sauran."

Can Gwamma ta ce, "Na ga tekun nan da idona. Ruwa ne ba ƙarshe. Shekara arba'in ina faɗa a garin nan, ana cewa tsohuwa ta fara. 'Yar nan, ni dai in ji ko ya kai, kafin in tafi."

Sai ɗan raƙumin da ke takarda ya miƙe wuya, ya yi hamma, ya ce, "Wace ce ta tashe ni?"

Barira ta ce, "Ni ce. Gaya mana, ka kai tekun?"

Ya ce, "Ina zan sani? Mu na takarda, inda aka tsaya da karatu nan muke tsayawa. Ga ni bakin rijiya, ga dila ya buɗe baki bai rufe ba. Sauran tafiyata tana ɗakin da aka kulle." Sai ya rera:

"Barira jikar Gwamma,
Mu arba'in muka sha hanya.
Rairayi bai ci mu ba,
Ruwan sama bai ci mu ba,
Ga girma zai cinye mu."

Gari na wayewa Barira ta ɓoye takarda a ƙarƙashin tabarma, ta nufi ɗakin littattafai. Ta iske Jatau a kan buzu, makulli rataye a wuya.

Ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, na zo a ara mini ɗaya daga cikin littattafanmu."

"Naku?"

"An ce na yara ne."

"Na yara ne mana. Shi ya sa muke tsaronsu, kada yara su taɓa. Shekarunki nawa?"

"Tara."

"Je ki dawo in kin yi hankali."

Tana miƙewa ta ji wani abu daga cikin ɗaki, ƙus ƙus ƙus, kamar yayyafi a kan ciyawa.

"Malam, me ke motsi a ciki?"

"Albarka ce ke sauka."

Gara ce. Kafin a yi girbi ta ci goma sha uku. Da aka buɗe aka iske fatu cike da jar ƙasa, Jatau ya ce ƙasa ce mai daraja, aka raba wa manyan gari suka barbaɗa a gona.

Shekara ta juyo, damina ta sauka, gwiwar Sarki ta fara ciwo. Aka gwada sassaƙe, aka gwada ƙaho, gwiwa ta ƙi. Sai Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, magani na gida muna nema a daji." Ya kwance littafi, ya tsoma a ƙwarya, ya wanke shi tas kamar yadda ake wanke allo. Ruwa ya yi ja, ya yi kore, ya yi shuɗi. Sarki ya ɗaga ya shanye. Ya ce ya ji dama-dama.

Kashegari gwiwar Waziri ta fara. Jibi ta Galadima. Kafin mako duk wanda ke da rawani a garin ɗingishi yake yi, don ba ya kyautuwa Sarki na ciwo kai kana tafiya garau. Kullum littafi guda, wata rana biyu.

Ɗan raƙumi ya rera daga ƙarƙashin tabarma:

"Barira jikar Gwamma,
Kaza ta tafi, biri ya tafi.
Gara ta ci rabonta,
Manya suna shan nasu,
Ga girma zai cinye mu."

Barira ta ce, "Kaka, tashi. Ni an ce ban yi hankali ba. Ke ai kin yi."

Gwamma ta ɗauki sanda suka tafi fada. Suka iske Sarki da ƙwarya a hannu. Barira ta hangi wata takarda da ba a gama wankewa ba, ta karanto layi guda da ƙarfi.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da kake sha labarin kaza ne da ta ɓatar da takalminta."

Jatau ya yi murmushi ya ce, "Larabcin ƙosai ya iso. Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri, hayaƙin mai ne."

Fadawa suka bushe da dariya.

Gwamma ta juya ta dube shi, ta yi masa magana da Larabci, gajeriya.

Jatau ya ɗaga hannu ya ce, "Amin."

Ta ce, "Sunanka na tambaye ka."

Ba wanda ya yi dariya, don Sarki bai yi ba. Dogarai suka raka su har waje, ba a hankali ba. A hanya hadari ya haɗu, ruwa ya yi wa tsohuwa dukan tsiya. Ta koma gida da tari, tarin kuma ya ce ya samu wurin zama.

Damina ta ɗauke, gwiwar Sarki ta warke kamar yadda take warkewa kowace shekara. Aka yi wa Jatau sabuwar riga. Littattafai ashirin da shida sun bi ta cikin manya. Saura guda, na ɗan raƙumi, don ɓera ya taɓa shi, bai cancanci cikin Sarki ba.

Ana nan sai labari ya zo madugu na hanya, kuma Tanko ya ce a tambayo masa ko an ba yara.

Sarki ya ce, "Alkawari kaya ne. Jatau, yaya za a yi? Littafi guda, yara da yawa."

Jatau ya ce, "Mai sauƙi ne, ranka ya daɗe."

Ya sa wuƙa ya yayyanka littafin gunduwa-gunduwa. Aka kira baduku ya ɗinke kowace gunduwa a fata. Aka tara yaran gari aka rataya wa kowa laya a wuya, har Barira. Shafin ƙarshe, mai babban zane shuɗi, aka yi wa Sarki kambu da shi ya ɗaura a damtse. Sanƙira ya zaga gari yana shela: duk yaron da ya buɗe layarsa zai makance.

Madugu ya iso ya ce, "An ba yara?"

Aka ce, "Dubi wuyansu."

Ya duba. Yana da gishirin sayarwa. Ya yi sallama ya tafi.

A gida kuwa Gwamma ta daina fita. Tana kwance tana tari, jikinta ya koma kamar kara. Ɗan raƙumi ya rera, murya ƙasa-ƙasa:

"Barira jikar Gwamma,
Kaina na wuyan wancan,
Ƙafata na wuyan wannan.
Kusa da ku, nesa da ku,
Girma ya gama da mu."

Barira ta dubi kakarta, ta dubi layar wuyanta. Ta ɗauko aska. Ta runtse ido ta farke ɗinki. Ta daɗe ba ta buɗe idon ba, tana tsoron abin da ba za ta gani ba.

Gwamma ta ce, "To, makauniya, miƙo mini ruwa."

Ta buɗe. Ga randa, ga moɗa, ga tsohuwa na mata dariya ba haƙori.

Da la'asar ta tafi gindin tsamiya inda yara ke wasa. Ta ce, "Ku zo ku ji." Ta ba su labarin ɗan raƙumin da ya ƙi cin ƙaya. Ta kai shi bakin rijiya. Ta sa dila ya buɗe baki. Ta tsaya nan, ta fara gyara ɗankwali.

Yara suka ce, "Sai me?"

"Oho."

"Haba Barira, sai me?"

"Sauran na wuyan ɗayanku."

Kowa ya dafe layarsa. Ba wanda ya motsa. Sai Lantai, 'yar baduku, ta ce, "Ni ina zaune Baba ya ɗinke su duka. Ya kalli kowace takarda, kuma har yanzu shi ke sa wa kansa zare a allura." Ta cire tata ta miƙa. Ta ce, "Ku kawo. In an zare takarda sai in cusa busasshen ganye in mayar da ɗinki. Ko Baba ba zai gane ba."

A ranar yara uku suka buɗe. Kashegari bakwai. Kafin mako ɗakin Gwamma ba wurin sa ƙafa. Yara na baje gunduwoyi a tabarma, suna gwada baki da baki har su dace, suna mannawa da ƙaro. Barira na karantowa, Gwamma na fassarawa tsakanin tari da tari.

"Kai mai majina, matsa, kana ɗiga a kan dila."

"Kaka, wannan kalmar fa?"

"Ta wuce jiya. Ba zan sake ba, ni ba aku ba ce. Tuno."

Barira ta tuno. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

Ɗan raƙumi kuwa ya kama tafiya. Dila ya ce masa ba wani teku, rijiyar nan ita ce iyakar ruwan duniya. Ya wuce. Kunkuru ya ce masa akwai teku, kakansa ya tasar masa, ana sa ran isarsa. Ya wuce. Guguwa ta ce masa ya koma gida, ta cika masa ido da rairayi. Ya rufe hanci ya wuce.

Iyaye kuma sai yabon layu suke. Wata ta ce tun da aka rataya wa nata ya daina yawon banza. Wani ya ce nasa har ƙiba ya yi. Ganyen tsamiya dai bai taɓa samun irin wannan shaida ba.

Ran da aka manna gunduwa ta ƙarshe, ɗan raƙumi ya hau wani tudun rairayi, ya ji iska mai sanyi, ya ji wani ƙamshi da bai sani ba, ya ɗaga kai...

Gwamma ta yunƙura ta ce, "Karanto mana!"

"Babu, Kaka. Sauran na damtsen Sarki."

Tsohuwa ta koma ta kwanta. Ta ce, "To. Ya yi nisa."

Barira ta tattara yara suka nufi fada, roƙonta na uku ke nan. Ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, mun zo da labari, kyauta." Sarki ya gaji da shari'ar awaki, ya ce ta faɗi. Ta fara. Ta ba shi ƙaya, ta ba shi dila, ta ba shi kunkuru. Sarki ya gyara zama. Ta ba shi guguwa. Sarki ya ture mai fifita don ya ji da kyau. Ta hau da ɗan raƙumi kan tudu, ta sa ya ɗaga kai. Ta tsaya nan.

Sarki ya ce, "Sai me?"

"Yana damtsenka, ranka ya daɗe."

Sarki ya dubi kambunsa. Ya dubi wuyan yara. Sarki ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya gane me aka barbaɗa a gona, ya gane me ya yi wata guda yana sha. Kuma ya gane in ya kwance kambun nan a gaban jama'a, kowa ma zai gane.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, abu ne babba. A yi shawara."

Sarki ya ce, "A yi shawara."

Barira ta ce, "Ranka ya daɗe, kakata ba ta da kwanaki. Ita kaɗai ke jin abin da ke ciki. Aro kawai, yini guda."

Waziri ya ce, "Yarinya, gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido."

Rana ta farko aka yi shawarar wa ya isa ya farke ɗinkin kambun Sarki. Rana ta biyu aka yi shawarar da wace wuƙa. Rana ta uku aka yi shawarar wace rana ce mai sa'a. Kullum Barira na bakin zaure tun hantsi har inuwa ta juya, kullum ana ce mata ana kai.

A rana ta uku ta koma gida. Gwamma ta buɗe ido da ƙyar.

"An kawo?"

"Ana shawara, Kaka."

"Ka ji mutanen kirki. Ba sa abu da garaje." Ta yi tari, ta huta. "Zo nan, ja'ira. In ya kai, ki ce masa kada ya sha."

"Ke za ki gaya masa da bakinki."

"Ke dai ki ce masa."

Kafin a kira la'asar Gwamma ta cika.

Rana ta huɗu, ana zaman makoki, sai ga dogari da faifai a rufe. Ya ce Sarki na gaisuwa. Ya ce an gama shawara. Gaskiyar magana, Sarki ne ya kasa cin tuwo don son jin ƙarshe, ya shige ɗaka ya farke kambun da haƙorinsa. Ya ce a karanta a zo a gaya masa.

Barira ta karɓi takarda. Ta shiga ɗaki ta zauna a tabarmar da babu kowa. Yara suka tsaya a ƙofa. Ta manna shafin a wurinsa. Ta karanto layin farko da ƙarfi, ta saurara, kamar yadda ta saba.

Ba wanda ya amsa.

Ta sake karantowa. Shiru. Ta sake, a hankali, sai ta ji wata kalma ta tsaya ta dube ta. Wannan ta wuce a bakin rijiya. Wannan ta wuce wajen kunkuru. Wannan ita ce aka ce ba za a sake faɗa mata ba. Ɗaya ta kamo ɗaya, ɗaya ta kamo ɗaya. Wasu suka ƙi, ta tsallake su. Ta share ido ta ce da yara, "Ya kai."

Ya kai. Ya ga ruwa ba ƙarshe. Ya gangara da gudu ya tsoma baki, ya ji gishiri, ya tofar. Bai yi da-na-sani ba. Ya durƙusa a rairayi yana kallo har rana ta faɗi.

Ɗan raƙumin takarda ya juyo da wuya ya ce, "Ashe da gaske take. Ina tsohuwar?"

Barira ta ce, "Ta riga ka tafiya. Ta ce in gaya maka kada ka sha."

Ya ce, "Saƙon ya makara."

Ta ce, "A garin nan haka suke zuwa."

Ya mayar da fuska wajen ruwa. Bai sake magana ba.

Barira ta je fada. Sarki ya ce, "Yaya aka ƙare?"

"Ya kai, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ake ba da saƙo. Sauran sai wanda ya karanta."

Sarki ya haɗiye wannan, don ya saba haɗiye abubuwa. Ya ce, "Madalla. Littafin nan ya tabbata mai daraja ne, kuma shi kaɗai ya rage. Bai kamata ya zauna hannun yara ba. A dawo da shi gobe, a naɗe, a mayar ɗaki. Duk shekara za a yi masa biki, don a san garin nan gari ne mai son karatu."

Jatau ya ce, "Ai ba a taɓa sarki mai son karatu kamarka ba."

Barira ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar mu mu naɗe shi da kanmu, mu samu albarka."

Sarki ya ji daɗin ladabin nan, ya ce ashe yarinyar ta fara hankali.

Ta tafi wurin Lantai. Suka sharo ganyen tsamiya cikin kwando, suka danne shi ya yi kauri, suka naɗe a jar fata, suka ɗinke ta ko'ina. Da safe yara suka ɗauko shi a kan faifai, suna tafe a hankali, ba mai dariya. Jatau ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga, ya ce ko daga nauyinsa ka san ba ƙaramin ilimi ba ne.

Yana can har yau. Duk shekara ana fito da shi, a yi kiɗa, a yi jawabi, a mayar. Ba wanda ya taɓa buɗewa.

Na gasken kuwa ya bi hannun yara, daga wannan gida zuwa wancan, Barira na nuna musu baƙi da ma'ana, na gaba na nuna wa na baya. Ya yi laushi kamar tsumma, ya yage, aka manne, ya sake yagewa, har ya ƙare ƙurmus a hannun masu karatu. Cikin arba'in shi kaɗai ya yi irin wannan mutuwa. Talatin da tara ɗin nan, ba wanda zai taɓa sanin me suka zo faɗi, ko kazar nan ta ga takalminta.

Abin da ke ciki kaɗan ne. Littafin da ba a buɗewa, da shi da ƙunshin ganye duk ɗaya. In an ba ku na yara, ku ba su tun suna yara, kuma tun mai fassara na da rai.

Ƙurunƙus, kan ɓera na ajiye ta. In ƙarya ce, ɓeran ya fi ni sani, shi ya shiga ɗakin. Ku tashi, tabarmata nake so.